Kawu zai dawo bayan shekara 23, ya ce otal zai sauka, Inna ta ce ba ta san zancen ba

Assalamu alaikum Malam. Ni ma'aikaci ne, ina zaune a Tudun Wada, Kaduna. A watan Disamba za mu aurar da ƙanwata, kuma ƙanen mahaifiyarmu da ya tafi Ingila tun ina firamare zai zo biki, shi da matarsa Baturiya da 'ya'yansu biyu da ba su taɓa taka Najeriya ba. Ya kira ni ya ce komai a hannuna yake: ɗauko su, nema musu otal, da samo wanda zai zagaya da yaran su ga gari. Ni kuwa ko jirgin sama ban taɓa shiga ba. Da Inna ta ji maganar otal sai ta ɗauke wuta, ta ce ƙanenta ba zai kwana a ɗakin haya ba tana raye. Ga ɗan baffana ya kafe shi ne direba kuma shi ne ɗan jagora, alhali motarsa wani lokaci sai an tura. Kawu bai yi maganar kuɗi ba, ni kuma ina jin nauyin tambaya. Don Allah a ba ni shawara kafin in ji kunya.

Ƙanenka daga Tudun Wada

Wa alaikumus salam ƙanena. Allah ya sanya alheri, ya kai mu lokacin da rai da lafiya.

Sau biyu na karanta wasiƙarka. Rashin shiga jirgi ba abin damuwa ba ne, wannan a yini ɗaya ake koyonsa. Abin da ya ɗaure ka shi ne jin nauyi, kuma ta fuska uku: kana jin nauyin Kawu ka tambaye shi kuɗi, kana jin nauyin Inna ka gaya mata gidan ba zai ɗauke su ba, kana jin nauyin ɗan baffanka ka ce masa motarsa ba ta isa ba. Duk maganar da ka haɗiye yanzu, a Disamba za ta fito, a gaban baƙi, lokacin da babu sauran gyara. Gara a yi ta yau da sauran watanni a gaba.

Mu fara da Inna, domin idan ranta bai kwanta ba, ko ina ka sauke su bikin ba zai yi armashi ba. Tana da tata gaskiyar. Mu da muka tashi a gidajen da ake tada yara daga ɗaki a shimfiɗa wa baƙo, mun san kalmar otal ba ta da daɗi a kunnen iyayenmu. A wurinsu, wanda ba shi da kowa a gari ne ke kwana can, ko mai abin ɓoyewa. Abin da take ji a ranta shi ne ƙanen da ta goya ya dawo yana ƙyamar ɗakinta, kuma gobe matan unguwa za su leƙo su ce ina baƙin Ingilan. To amma ka zauna ka ƙirga waɗanda za su kwana gidanku a makon biki: dangin ƙauye, 'yan Zariya, ƙawayen amarya, masu girki da ke tashi tun kafin assalatu. Banɗaki nawa ne a gidan? Ka sa matar da ko "sannu" ba ta ji a cikin wannan layin da buta a hannu, ka ga ko karramawa ce.

Sai dai wannan bayani ba daga bakinka zai fito ba. Ɗa ba ya shiga tsakanin uwa da ƙanenta. Ka kira Kawu ka gaya masa Inna ba ta ji daɗi ba, ka roƙe shi ya kira ta da kansa, ya ce mata saboda yaran ne da cinkoson biki. Sannan ku tsara haka: daga tasha gidan Inna za a fara zuwa, da akwatuna da komai, maƙwabta su ga an sauke kaya a ƙofarta. A ci tuwonta, a huta a ɗakin da ta gyara, a raba tsaraba a nan, sai bayan isha'i a wuce otal. Ɗakin nan ya zama nasu kullum da rana. In biki ya watse gida ya yi sarari, shi Kawu ya kwana ko dare ɗaya ne, su raba dare suna hirar mutanen da suka rasu ba ya nan. Wannan daren shi take nema, ko da ba ta faɗa ba.

Tunda kana kan waya da shi, ka ƙarasa da maganar kuɗi. Mutumin da ya yi shekara 23 a can ya saba a kawo masa lissafi a rubuce, ba zai ga rashin kunyarka ba. Ka ce, "Kawu, zan zagaya in ji farashi in turo maka, sai ka zaɓa." Shi ke nan. Idan ya turo kuɗi, ka sami ɗan littafi ka riƙa rubuta ko na ruwan leda ne, ka adana rasit. Ba don zai tuhume ka ba. Dangi ne za su fara cewa ka ci fam ɗin Kawu, kuma littafin nan ne zai yi maka shaida.

Yanzu hanya. Ka cire rai da cewa daga Landan za su sauka kai tsaye a filin jirginmu na Mando. Sunan ƙasa da ƙasa dai yana da shi, alhazai ma na tashi daga nan, amma jiragen Landan a Abuja da Legas suke sauka. Lokacin da filin namu ya ga cika shi ne 2017, da aka rufe na Abuja mako shida daga 8 ga Maris don gyaran titin saukar jirage, aka karkato da zirga-zirga nan. Ko a lokacin ma, cikin manyan kamfanonin waje Ethiopian Airlines ne ya yarda ya zo. Idan Kawu bai riga ya yanki tikiti ba, ka ce masa ya zaɓi Abuja. Ta Legas sai sun fita daga ɓangaren jiragen waje sun shiga mota zuwa na cikin gida, sannan su jira jirgin Kaduna, wanda ba shi da yawa, kuma Disamba watan hazo ne. Ranar da ƙura ta rufe sama, jirgi kan yi jinkiri ko a soke tashinsa ɗungurungum, kai kana Mando kana kallon sama, su suna Legas da yara a kan benci.

Ka sa ya turo maka hoton tikitin ta WhatsApp, kada ka tsaya ga "ranar Talata za mu zo". Jirgin da ya tashi daren Talata, safiyar Laraba yake sauka. Na san wanda ya yini a filin jirgi yana jiran mutumin da ko kaya bai gama ɗaurewa ba. Ka duba lambar jirgi, ranar sauka da lokacin sauka. A hunturu agogonmu yana gaban na Ingila da awa ɗaya, lokacin saukar da ke jikin tikiti kuma da agogonmu aka rubuta shi.

Abuja kuwa da kanka za ka je, ka kwana can tun jajibiri. Wannan ba aikin aike ba ne. Rabonka da Kawu tun kana sa gajeren wando, saboda haka ku yi musayar hoto, ka gaya masa kalar rigar da za ka sa. A bakin ƙofar fitowa akwai masu saurin kai hannu kan akwati suna "sannu da zuwa, Alhaji" kamar sun san shi tun haihuwa. Ka gargaɗe shi kada ya saki amalanken kayansa ga kowa sai ya ga fuskarka. Ka tafi da layin waya na daban mai kati da data ka miƙa masa yana fitowa, da 'yan canjin naira a aljihu, domin katin bankinsu na can ba kowace na'urar POS ce ke karɓarsa ba. Mota kuma ka shirya ta tun daren, ko cikin tasi masu rajista na filin jirgin, ko ta manhaja irin Bolt. Ko wacce ce, a gama ciniki kafin akwati ya shiga but. Kuma ka yi lissafin kayan da kyau: mutum huɗu da suka zo biki bayan shekara 23, ka sa ran manyan akwatuna takwas ban da na hannu. Ƙaramar mota ba za ta ɗauka ba, sai Sienna ko ƙaramar bas. Ka ƙirga akwatunan da baki a duk inda aka sauke aka ɗora.

Daga Abuja zuwa gida, ni jirgin ƙasa zan zaɓa. Layin da aka buɗe a Yulin 2016 ne, kilomita 186 daga tashar Idu zuwa Rigasa, tafiyar awa biyu da wani abu, akwai sanyi, akwai banɗaki, yara na iya miƙe ƙafa. Idu ba ta da nisa sosai da filin jirgin sama. Ta intanet ake yankar tikiti, kuma a Disamba kafin ka ƙifta ido ya ƙare. Ana duba shaidar mai tafiya, don haka ka taka zuwa Rigasa mako biyu kafin zuwansu, ka tambayi ma'aikata jadawalin da ake bi a lokacin da abin da ake nema wurin mai fasfon waje. Kada ka sayi na 'yan cuwa-cuwa. Tikitin da ke ɗauke da sunan wani, a bakin ƙofa zai kunyata ka. Kada kuma ka yanki na jirgin da ke dab da lokacin saukarsu, domin layin jami'an shige da fice, jiran kaya da kwastan na iya cinye awa biyu. In da yamma za su sauka, ku kwana Abuja kawai.

Titin mota yana nan a matsayin madadi, ta Zuba, Tafa, Jere, Katari, Rijana har Gonin Gora. In hanya ta yi kyau awa uku ne ko ƙasa da haka, amma tun 2018 ake aikin titin, kuma tirela ɗaya ta faɗi a inda aka matse hanya ta isa ta zaunar da ku rabin yini. In ta kama dole, ku yi sammako. Doka ɗaya ce ba na sassautawa a kanta: dare ba zai same ku a wannan hanya ba.

Ga wata magana da za ka so ka ɓoye, kuma kada ka ɓoye. Matar Kawu ta riga ta karanta labarin harin da aka kai wa jirgin ƙasan nan ranar 28 ga Maris 2022, wanda ya sa aka dakatar da shi har 5 ga Disamba na shekarar. Gwamnatin Birtaniya kuma ta daɗe tana sanya jihar Kaduna cikin wuraren da take gargaɗin 'yan ƙasarta a kansu, abin da kan iya shafar inshorar tafiyarsu. Idan ta tambaye ka, kada ka ce mata "ai babu komai". Ka gaya mata yadda abin yake a lokacin: inda muke zuwa hankali kwance, inda ba ma zuwa, da ƙarfe nawa muke komawa gida. Uwa ce da 'ya'ya biyu, wanda ya gaya mata iyakar abin shi za ta yarda da shi. Ka kuma tuna wa Kawu bizar duk wanda ba shi da fasfon Najeriya a cikinsu, da maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro daga wurin likitansu, da katin rigakafin cutar shawara, ba irin wadda nake ba ka ba.

Sai ɗan baffanka. Kada ka ce masa a'a, ka ce masa zo mu gwada. Ku shiga motar da tsakar rana, daga Tudun Wada ku bi baifas har Kawo ku dawo. Ka saurari birki, ka duba tayoyi, ka buɗe but ka ga ko akwai safaya da jak, ka kunna esi, ka ja bel ɗin kujerun baya ka ga ko suna nan, domin Baturiya ba za ta sa ɗanta a motar da ba bel ba. Ka ce ya nuna maka lasisi da takardun mota. Motar da kanta za ta ba shi amsa, ba sai ka ɓata da kowa ba. Bayan haka ka ba shi aikin da zai ji ana yi da shi: shi ne mai ɗaukar akwatuna daga Rigasa, shi ne mai ɗauko dangi daga tashar Kawo, shi ne mai kujeru da lemo, a zuba masa mai a kuma sallame shi da abin kirki. Su kuma baƙin ka ɗaukar musu direba na yini, ta hannun wanda ka sani kuma ya san gidansu direban. Ku yi magana tun farko: ƙarfe nawa zuwa ƙarfe nawa, wa ke sayen mai, wa ke ciyar da shi, nawa ne ƙari idan an fita gari. Ka ɗauki hoton lasisinsa da lambar motar ka ajiye. A riƙa biyansa kowace yamma. Wanda aka biya kuɗin mako tun ranar farko, ranar ɗaurin aure ne wayarsa ke mutuwa.

Otal kuma, a nan zan ɗan daɗe, don a nan na taɓa shan kunya. Wani abokin karatuna ya zo daga waje da iyalinsa, na kama masa ɗaki a wani otal a cikin garin nan saboda hotunan da na gani a waya: gado fari tas, fitilu kamar gidan amarya. Ban taka wurin ba. Ƙarfe ɗaya da rabi na dare wayata ta yi ƙara. Yana magana ina jin kukan jaririnsa, can baya kuma kiɗa na dukan bango. Ashe ɗakin jikin zauren biki yake, sannan da aka tashi daga bikin aka kashe janareto, wai sai asuba. Da na isa na same shi a bakin ƙofa da singileti, yana yi wa yaron fifita da kwalin biskit, matarsa na zaune a kan akwati ta ɗaure fuska. Na haska bango da fitilar waya, ga sauro jere kamar an shuka. Bai ce mini komai ba sai "sannu da zuwa", kuma har yau wannan sannu tana yi mini ciwo.

Saboda haka gani ya kori ji. Ka zaɓi uku ko huɗu a wuraren da ba hayaniya, irin su Unguwar Rimi, Malali, ko layukan da ke kewayen titin Isa Kaita da titin Sultan, ka auna da nisan gidan biki. Barnawa ma akwai masu kyau, sai dai kullum sai an tsallaka kogi, kuma ka san yadda gada ke cushewa da yamma. Ka je sau biyu, ɗaya da rana, ɗaya wajen ƙarfe tara na daren Juma'a ko Asabar. Da dare ne otal ke nuna halinsa: za ka ji ko akwai kiɗa, ka ga irin mutanen da ke shige da fice, ka ga ko mai gadi na tambayar masu shigowa ko yana gyangyaɗi. Ka ce a nuna maka ainihin ɗakin da za a ba ka, ba na gwaji ba, ka rubuta lambarsa. Ka buɗe famfo ka jira ruwan zafi ya zo, domin wankan asuba a hunturun Kaduna ba wasa ba ne. Ka ja ruwan masai. Ka ɗaga zanen gado ka kalli katifa. Ka duba ragar taga, ka gwada makulli daga ciki. Ɗakuna biyu maƙwabtan juna za ka nema, nesa da janareto da zauren taro.

Tambayar wuta kuwa kada ka yi ta da "akwai wuta?", domin amsar kullum "awa ashirin da huɗu" ce. Ka ce, "Idan an ɗauke ta NEPA, ƙarfe nawa kuke tada inji, ƙarfe nawa kuke kashewa, kuma yana ɗaukar esi?" Ka sake yi wa mai shara ko mai gadi tambayar a gefe, ka gwama amsoshin. Farashi ma ka tambayi na ƙarshe: da harajin VAT na kashi 7.5 a ciki ko sai an ɗora, akwai kuɗin hidima, da karin kumallo ko babu, na mutum nawa. Yawancinsu sha biyun rana ne lokacin sakin ɗaki, ka ji abin da za su caza in an wuce. Tunda kwanakin da yawa, ka nemi ragi wurin manaja, ba wurin yaron kanta ba. Disamba lokacin bukukuwa ne, ɗakuna na ƙarewa, don haka ka ba da kafin alƙalami na kwana ɗaya ko biyu, a asusun otal ɗin ba na wani ma'aikaci ba, a rubuta maka rasit da ranaku da lambar ɗaki da sharaɗin mayar da kuɗi in tafiya ta ɗaga. Kada ka biya na mako gaba ɗaya. Su kwana biyu tukuna, in sun gamsu a ƙara. Akwai kuma gidajen haya na 'yan kwanaki masu kayan ɗaki da kicin, waɗanda kan fi dacewa da mai yara, amma wannan binciken duka ya hau kansu, har da ƙarin tambayar wa za a kira in famfo ya fashe da tsakar dare. Duk wanda ka zaɓa, ka ɗauki bidiyonsa da wayarka ka tura wa matar Kawu ta ce ta yarda.

Maganar ɗan jagora ta fi sauƙi, in ka gane cewa mu nan ba mu da jerin masu wannan sana'a da baji a wuya kamar ƙasashen da suka dogara da 'yan yawon buɗe ido. Da ɗan gari akan ci gari, amma sanin hanya daban, sanin labari daban. Direba ya san hanya. Kai ne ɗan rakiya. Mai bayani kuma a kowane wuri za ka same shi a can, cikin ma'aikatan wurin. Kada ma ka dogara da Kawu, don Kadunar da ke kansa ta tafi: otal ɗin Durbar da aka gina don hawan dabar bikin FESTAC na 1977 an rushe shi a 2020, gadar Kawo ta zama wata aba daban, masaƙun Kakuri sun yi shiru. Shi ma baƙo ne, sai dai ba zai yarda ba.

Yini ɗaya ya ishe ku cikin gari. Ku fara da Gidan Arewa da ke titin Rabah, gidan da Sardauna Sir Ahmadu Bello ya zauna kuma aka kashe shi a ciki ranar 15 ga Janairun 1966, wanda tun 1970 ya zama cibiyar binciken tarihi, yanzu kuma yana ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. Daga nan gidan adana kayan tarihi na ƙasa da ke titin Ali Akilu, wanda aka buɗe a 1975, inda yaran za su ga sassaƙen yumɓu na Nok da aka tono a ƙasarmu, ga masu sana'ar hannu a harabar. Ku bi ta gaban Lugard Hall su ga ginin majalisa, ku ƙare a Ƙofar Gamji a bakin kogi, inda 'yar gadar ƙarfen da aka gina a Zungeru a 1904 take, kafin daga baya a kwaso ta a kawo nan. Ka riga su zuwa waɗannan wurare da mako guda, ka ji ranakun buɗewa da kuɗin shiga, ka nemi ma'aikacin da ke bayani da Turancin da yaro zai gane, ku tsayar da rana da abin da za ka ba shi. In kana son mutum ɗaya da zai bi ku yini guda, ka nemi wani malamin tarihi a Jami'ar Jihar Kaduna (KASU) ya haɗa ka da ɗalibinsa mai hankali. Ga gwajin da nake yi: ka tambaye shi asalin sunan Kaduna. In ya ce daga kadduna ne, jam'in kada, ya yi shiru, to ya iya abin da kowa ya iya. In ya ƙara da cewa Gbagyi, da suka riga kowa zama a nan, suna da nasu bayanin, wannan ya yi karatu kuma ba ya ƙara gishiri.

Zariya ta cancanci yini na biyu, kilomita 80 ne ko kusa da haka. Ku fita da hantsi ku ga ƙofar fadar Sarkin Zazzau da zanenta, da tsohon masallacin Juma'a da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina da ƙasa a ƙarni na 19, wanda bakunan gininsa ke nan a cikin sabon ginin da aka lulluɓe shi da shi. A fada sai da iso, don haka ka nemi ɗan cikin birni ya yi muku magana tun kafin ranar, matar Kawu kuma ta tafi da mayafi. Ku kamo hanyar gida da la'asar. Yaran za su nuna maka hoton ginin nan mai kama da fadar Turawan da da ke Kajuru, su ce can suke so. A 2019 an kai hari wurin, har wata 'yar Birtaniya ta rasa ranta. Ni dai da baƙin biki ba zan je ba, kuma duk ɗan jagorar da ya ce maka "ba komai, na san hanya" ba tare da ya tambayi halin da ake ciki a makon ba, ka sallame shi.

Abu biyu ka ja musu kunne a kai tun a mota. Kaduna garin sojoji ne, daga makarantar horar da hafsoshin soja ta NDA da ke kan hanyar filin jirgi har sansanin sojan sama da barikokin cikin gari, saboda haka ba a ɗaga waya a ɗauki hoton bariki ko shingen bincike. Mutane ma sai an tambaye su, musamman mata da almajirai. Na biyu kasuwa. In za su sayi atamfa, hula ko takalmin fata a kasuwar Sheikh Gumi, su nuna abin da suke so su matsa gaba, wata 'yar'uwarku da ta iya ciniki ta koma ta saya. Ɗan jagorar da ya nace sai shago kaza, yana da la'adarsa a can, kuma daga aljihun Kawu za ta fito.

Ka ajiye katan ɗin ruwan gora a mota da wani a ɗaki, da man kaɗe saboda leɓen yara, hunturunmu ba ya jin Turanci. Tsire kuma a sa musu yaji a gefe.

Su yaran nan fa taubasanka ne, kana da damar tsokanarsu tun daga filin jirgi. Awa biyun da za ku yi tsakanin Idu da Rigasa, kada ka bar su da waya. Ka koya musu yadda ake cire takalmi a ƙofar ɗaki, yadda ake durƙusawa, da kalma huɗu kacal: "Gwaggo, mun same ku lafiya?" In ƙaramin ya kasa, ya tsaya a "Gwaggo". Ka tabbata kana tsaye kusa da Inna lokacin da zai faɗa, da hankici a aljihunka.